Buhu Ɗaya, Baro Huɗu

Sallama gare ku, masu bibiyar labarin nan. Na ga saƙonninku. Wata ta ce ko aure na yi na manta da ku, wata kuma ta ce data ce ta ƙare mini, in turo lamba ta sa mini. Da ma hakan ne. Kwana goma sha ɗaya ke nan ina buɗe wayar nan in rubuta layi biyu in goge, saboda abin da zan faɗa yau ba zai sa ku so ni ba. A baya na sha ba ku labarin laifin mutane ina jin daɗin bakina. Yau nawa zan faɗa.

Saboda waɗanda suka shigo yau: sunana Hidaya, shekarata ashirin da biyar, a Azare nake. Asalinmu mutanen Yobe ne, rikici ya koro mu ina 'yar shekara goma sha huɗu, shekara guda bayan rasuwar mahaifiyata. Mu uku muka sauka a garin nan: ni, da Babana Malam Kashim, da yayarsa Ya Gana wadda ta riƙe ni. Sunan mahaifiyarsu na ci, shi ya sa Baba ba ya kira na sai da Mamana.

Baba mai buga bulo ne, shekara talatin yana yi. Yana da fili a hanyar Jama'are. Ni kuma gine-gine na karanta, kuma ni ce na dame shi, na hana shi sakat, har ya yarda ya sayi injin matsa bulon jar ƙasa. A haƙo ƙasar daga wajajen Hardawa, a tankaɗe ta, a sa mata siminti ɗan kaɗan, inji ya matse, a rufe da leda ana yayyafa ruwa kwana ashirin da takwas. Ba a ƙona shi, ba ya cin siminti da yawa, kuma ɗakin da aka gina da shi sanyi gare shi ko da bazara. Shekara biyu mutanen gari suna yi mana dariya. In Baba ya wuce majalisa sai a ce, "Malam Kashim, ashe an koma tubali?" Ya yi murmushi ya wuce, ya dawo gida ya ƙi cin abinci.

Sai ga sanarwa ta fito cewa za a gina azuzuwa a wasu ƙauyukan ƙasar Katagum, kuma gwamnati ba za ta sayi bulo ba sai a hannun wanda kayansa ba sa jawo hayaƙi mai yawa. Shi siminti sai an dafa dutse da wuta mai tsanani ake samunsa, hayaƙin kuwa yana cikin abin da ke ɗumama duniya. Saboda haka takardar ta ce kada siminti ya wuce kashi bakwai cikin ɗari. Da yaren filinmu, buhu ɗaya ga baro takwas na ƙasa, abin da muke yi ke nan tun fil azal. Za ka cike fom, ka sa hannu cewa samfurin da ka kawo shi ne irin wanda kake bugawa kullum, ka kai bulo goma a gwada. Wanda aka kama da ƙarya kuwa, an rufe masa ƙofar kwangila shekara biyar. Ranar da na karanta wa Baba takardar, sai da ya sa na maimaita masa sau biyu, sannan ya tashi ya yi alwala ya yi nafila.

To, ga inda gizo ke saƙar. A cikin kwamitin da zai tantance masu bulo akwai wani injiniya, Abdulrahim. Wanda zan aura.

Tsofaffin masu karatu sun san shi. Dogo ne, ɗan asalin Azare, gilashinsa kullum yana zamewa kan hanci, kuma ba ya wuce bulo bai ƙwanƙwasa shi da makullin mota ya saurara ba. A filinmu muka haɗu, ya zo sayen bulon katangar mahaifiyarsa, muka yi musu a kan ƙasa har ya manta abin da ya kawo shi. Yana ce mini Hajiyar Bulo, ina ce masa Injiniya. Manyansa sun kawo gaisuwa tun watan Sha'aban, an karɓa, aka tsayar cewa kawunsa Alhaji Bappayo zai zo sa rana Asabar ta biyu bayan babbar sallah. Ina son mutumin nan, jama'a. Ba zan yi muku kwana-kwana ba, son da nake masa har tsoro yake ba ni.

Wata Laraba bayan la'asar ya zo zance. Ina sanye da atamfata mai ganye-ganye da farin mayafi, na kawo masa kunun aya a kofin gilashin da ba a fito da shi sai dominsa. Bai sha ba. Ya riƙa juya kofin a kan tabarma.

"Hajiyar Bulo, zan janye daga kwamitin."

"Saboda me?"

"Akwai takardar da kowannenmu zai sa wa hannu, cewa ba shi da dangantaka da masu neman kwangila, ta jini ko ta aure. Tunda Baba zai shiga, gara in faɗa in koma gefe. Bulonku ba ya buƙatar ni, da ƙafarsa zai wuce."

Na ce to. Wallahi da farko "to" na ce. Amma zaurenmu ba shi da sirri, Ya Gana tana bayan ƙyaure tana tsince shinkafa da kunne ɗaya. Yana fita ta ajiye faranti.

"Ya janye? A garin nan? Gobe kowace majalisa za a ce surukin Kashim ma ya ga bulon ƙasa ya gudu. Ke yarinya ce, ba ki san garin mutane ba. Mu baƙi ne, shekara goma sha ɗaya muna lallaɓa mutuncinmu kamar ƙwai a cokali. Mutum ya guje ka tun kafin a ɗaura, in an ɗaura fa?"

Baba yana tsakar gida yana jin ta, ya ture kwanon tuwonsa gefe. Wannan ture kwanon ya fi mini maganar Ya Gana ciwo. Washegari na kira Abdulrahim na yi masa kuka.

"Takardar cewa ta yi jini ko aure. An ɗaura mana ne?"

"Hidaya, kin san abin da ake nufi."

"Na san abin da aka rubuta. Ba cewa na yi ka taimake mu ba. Ka zauna kawai, ka yi shiru, kada Baba ya ga kamar ka ƙyamace shi."

Ina jin ƙarar fankar ofishinsu. Daga ƙarshe ya ce, "Shi ke nan. Tunda na san bulon da idona, babu abin da zan ɓoye a kansa." Ya sa hannu. Wannan shi ne laifina na farko, kuma a lokacin har daɗi na ji, na ɗauka alamar so ce mutum ya tanƙwara gaskiyarsa dominka.

A makon da za a buga samfurin, 'yar ƙawar Ya Gana ta haihu a Jama'are, muka tafi suna, kwana uku. Kafin in tafi na ce wa Baba kada a yi wani abu na daban, a buga kamar kullum a ware goma. Ya ce, "Mamana, ni za ki koya wa bulo?" Da na dawo na ga an ware su a gindin darbejiya, an lulluɓe da sabuwar leda, Baba da kansa yake yayyafa musu ruwa safe da yamma, ba ya barin ma'aikata su taɓa. Na yi dariya na ce Baba ya yi sababbin 'ya'ya. Ban ɗaga ledar ba.

Ranar da za a kai, ƙarfe sha biyu za a rufe karɓa. Na riga na cike fom tun ana gobe za a kai, na rubuta kashi bakwai, na sa hannu da sunana saboda ni ce mai takardar shaidar karatu. Ƙarfe tara mai Keke Napep ya iso, Baba ya yaye ledar. Bulonmu ja ne, ja sosai. Waɗannan sun yi fari-fari, kamar an shafa musu toka. Na kankare gefen ɗaya da farce, farcen ne ya karye.

"Baba, baro nawa aka sa?"

"Huɗu." Ya faɗa yana murmushi, irin na wanda ya ɓoye wa yaro tsaraba.

"Huɗu? Baba, takwas takardar ta ce!"

"Takwas na kasuwa ne. Mamana, bulon nan hannun wa zai shiga? Hannun yaron da zai auri 'yata. Zai ɗaga shi a gaban abokan aikinsa su ce na gidan surukansa ne. In kai masa irin wanda nake sayar wa kowa? In baƙo ya zo gidanki, tuwon jiya kike ɗumama masa?"

"Ba baƙunta ba ce, Baba, gwaji ne. Su ƙarancin simintin suke nema. Yawansa laifi ne."

Sai ya yi dariya har da riƙe ciki. "Shekara talatin ina buga bulo. Na ga an kama mutum a Damaturu don ya rage siminti, na ga an rushe gini a kan haka, na ga wanda aka ɗaure. Ragewa ita ce sata. A ina kika taɓa jin an kama mutum don ya ƙara daga aljihunsa?"

Na yi bayani, na kawo hayaƙi, na kawo ɗumamar duniya, na karanto masa layin da ke cewa samfuri ya zama irin na kullum. Yana ji yana gyaɗa kai yadda ake yi wa yaro mai ba da labarin mafarki. Na ce a ɗebi goma daga babban tuli, ga su nan dubu huɗu sun nuna. Nan fuskarsa ta canza.

"Kwana ashirin da takwas ina ba su ruwa da hannuna. Ki ce in bar su in kai na tuli? To ki kai, amma ki sani kin nuna wa yaron nan ubanki marowaci ne."

Ya shige rumfa. Aka loda su a keke, na shiga baya na zauna kusa da su. Ku ji wannan da kyau, don kada wani ya ce ban samu dama ba: keken ya bi ta gefen babban tulin, Baba ya juya baya yana waya, minti biyu sun isa in sauya su. Na kalli tulin, na kalli ƙeyar Baba da furfurarsa. Na ce a raina, ai ƙarfi kawai za su gwada, wa zai tsaya tonon siminti? Na ce wa mai keke mu tafi.

Mako biyu ban yi barcin kirki ba. Ya Gana ta ɗauka zumuɗin sa rana ne, tana ta tsokanata tana haɗa turaren wuta da humra a tsakar gida, gidan duk ya ɗauki ƙamshi. An kai ɗinkin lafayata mai ruwan zuma. Ni kuwa duk ƙarar saƙo sai in zabura in ɗauki wayar.

Ranar Litinin da hantsi, ina tankaɗen garin masara, saƙon ya shigo.

"Hajiyar Bulo, kina kusa?"

"Ina nan, Injiniya."

"Sakamakon ɗakin gwaji ya fito. Bai kamata in gaya miki ba. Sun ce simintin da ke samfurinku ya kusa ninka ƙa'ida."

Na zauna a kan turmi. Hannuna duk gari, ya ɓata fuskar wayar.

"Na san filinku, na san awonku, na sha tsayawa ana kwaɓawa. Tambaya ɗaya zan yi miki. Bulon da kuka kawo, shi ne irin wanda kuke bugawa kullum?"

Na ga alamar yana kan layi, yana jira. Na rubuta "Baba ne", na goge. Na rubuta "Zan yi maka bayani", na goge. Abin da ya zo mini shi ne, in na faɗa, dole ya kai rahoto, don na san halinsa. In ya kai, shi ne mutumin da ya rubuta cewa Malam Kashim maƙaryaci ne, kuma Baba ba zai taɓa ba wa wannan mutumin 'yarsa ba ko da sama da ƙasa za su haɗe. In na yi shiru kuwa, wataƙila a cire sunanmu kawai, a ce ba mu ci ba, kowa ya kama gabansa, a sa rana. Kwangilar na yarda ta tafi. Shi ne ban yarda in rasa ba.

Na rubuta: "Eh. Shi ne."

"Alhamdulillah. Na san haka za ki ce. Bar ni da su."

Ban fahimci "bar ni da su" ba sai da yamma, da ya turo saƙon murya, muryarsa cike da fara'a. Wai ya tashi a zaman kwamiti ya ce lallai ɗakin gwaji sun haɗa samfurin wani da namu, shi ya san filin, ya san aikinsu, kada a zalunci ƙaramin mai sana'a a kan kuskuren takarda. Ya nemi kwamiti ya je ya gani da idonsa. Shugabar, Injiniya Hajiya Mariyamu, ta amince. "Alhamis ƙarfe goma za mu zo. Kada ku shirya komai, ku bar filin yadda yake. Gaskiya ba ta buƙatar kwalliya."

Garin gyaran gira zan rasa ido, na sani tun a lokacin. Kwana uku nake da su. Sau huɗu ina danna wayar in fara, "Injiniya, akwai abin da ban gaya maka ba," in kai tsakiya in goge. Na je wurin Baba na ce in sun zo don Allah ya bar ni in yi magana ni kaɗai. Ya ce to, to, ai ke ce 'yar boko.

Alhamis tun da sassafe Baba ya sa an share filin, an yayyafa ruwa, an jera kujerun roba a inuwar darbejiya. Ya sa farar shaddarsa ta Juma'a. Ya Gana ta aiko da kula biyu, zoɓo da kunun aya. Ni baƙar abaya na zura, ko hoda ban shafa ba.

Motoci biyu suka zo. Mutum bakwai, Abdulrahim na ƙarshe, ya gaida Baba a tsaye kamar bai san shi ba, na ga Baba ya ɗan ɓata rai. Hajiya Mariyamu gajeriya ce, da takalmin kambas a ƙarƙashin zaninta, ba ta da yawan magana. Ba ta zauna ba. Ta zagaya tulin, ta sa aka sauke layi uku na sama, ta nuna na tsakiya da biro: wannan, da wannan, da wancan. Sun zo da injin dannawa a bayan mota. Aka sa na farko, aka danna, allurar tana hawa tana hawa kafin ya tsage. Na biyu haka, na uku haka. Ta duba takardarta, ta ɗaga gira.

"Malam, bulon nan ya wuce abin da muke nema."

Baba ya washe baki ya kalli ma'aikatansa. Abdulrahim ya tura gilashinsa sama, ya ɗan kalle ni ta gefen ido, irin kallon "ba na gaya miki ba?" Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na shige.

Sai Hajiya ta ce wa direba ya ɗauko ragowar samfurin daga but ɗin mota. Ta ajiye ɗaya a ƙasa kusa da na tuli, ta karɓi guduma a hannun ma'aikacinmu. Na tuli, bugu biyu ya rabe, cikinsa ja wur. Na samfuri sai da ta yi masa biyar, cikinsa toka-toka. Ba sai an kai ɗakin gwaji ba, ko makaho ya shafa ya san ba uwa ɗaya ta haife su ba.

"Malam Kashim, waɗannan biyun duk naka ne?"

Na buɗe baki, Baba ya riga ni.

"Duk nawa ne, Hajiya. Wancan na kasuwa ne, buhu ɗaya baro takwas. Wannan kuwa na musamman na yi, baro huɗu, da hannuna na kwaɓa."

"Me ya sa?"

"Haba Hajiya, ke ma 'yar gida ce, kin san al'ada." Ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar Abdulrahim. "Hannun surukina zai shiga. In kai masa abin da zai ji kunya a gabanku?"

Wani daga cikin 'yan kwamitin ya sauke kofin zoɓon da ya kai baki.

"Surukinka ne?" in ji Hajiya, a hankali.

"In Allah ya yarda. An kawo gaisuwa tun Sha'aban, jibi Asabar ma za a sa rana. Ga yarinyar nan." Ya nuna ni, yana alfahari.

Hajiya ta juyo. Ta buɗe fayil, ta duba, ta ɗago. "Ke ce Hidaya Kashim da ta sa hannu a fom?"

"Ni ce."

"Lokacin da kika kawo samfurin, kin san ba irin na tuli ba ne?"

Abdulrahim yana kallona. Har a wannan lokacin, jama'a, fuskarsa cewa take yi zan ce ban sani ba. Yana jira in ce ina Jama'are aka buga, don ya san na yi tafiyar. Ƙofa ce a buɗe, kuma da na bi ta da Baba ne kaɗai zai ɗauki kayan. Na gaji.

"Na sani."

Abdulrahim ya cire gilashinsa ya riƙe a hannu, ya kalli ƙasa. Hajiya ta yi rubutu mai ɗan tsawo, ta rufe fayil, ta dubi Baba da wani irin tausayi ta ce, "Masha Allah. Allah ya sanya alheri, Malam." Baba ya ce amin, amin, ya bi su da kula yana cewa ai ba su sha komai ba. Kafin ta shiga mota ta ja ni gefe.

"'Yata, da goma kawai kuka ɗebo daga tulin nan, da babu mai ja da ku a ƙasar Katagum. Takarda za ta iso mako mai zuwa. Ba zan faɗa wa dattijo a gaban ma'aikatansa ba, ke kin san abin da ke ciki."

Abdulrahim ya shiga motar baya, bai waiwayo ba. Suna fita Baba ya tafa hannu ya ce, "Kun ji da kunnenku? Ya wuce abin da suke nema! Har albarka ta sa wa auren." A ranar ya bi ta majalisar da ake masa dariya, ya zauna, ya ba da labari.

Juma'a na kira Abdulrahim sau tara, ba a ɗaga ba. Na tura saƙo, alama ta nuna an karanta. Gidanmu kuwa ya cika da mata, ana gyaran kaji, ana jiƙa shinkafar sinasir, Ya Gana ta ɗaura ɗankwali a gaban goshi tana ba da umarni da Hausa da Barbarci a haɗe. Wata maƙwabciya ta kama hannuna za ta sa mini lalle ta ce, "Amarya, jikinki zafi." Na ce mura ce.

Asabar da hantsi ina ɗaki, lafayar tana shimfiɗe a kan gado, saƙonsa ya shigo. Zan kwafo muku shi yadda yake, don na haddace shi.

"Hidaya. An dakatar da ni daga aiki jiya, za a yi bincike. Ɓoye dangantaka laifina ne, hannuna ne a takardar, ba zan ɗora miki ba. Amma na tambaye ki. Na tsaya a gaban mutum shida na ce ɗakin gwaji ne ya yi kuskure, ba don komai ba sai don kin ce eh. Da kin ce Baba ne ya ƙara, da na san yadda zan zo in durƙusa in yi masa bayani, mu janye samfurin tun kafin a zauna. Na yi ta tunani, ban ga yadda zan zauna gida ɗaya da ke ina tambayarki abu ina jiran in gwada amsar ba. Kawu Bappayo zai zo bayan la'asar kamar yadda aka tsara, amma ba rana zai sa ba. Ki gaya wa Baba kafin ya iso. Dattijo ne, kada ya ji a gaban mutane."

Ko a nan, tunanin Baba yake yi. Wannan ne ya karya ni. Na cusa fuskata a filo na yi kukan da babu sauti, don mata suna bakin taga suna dakan yaji.

Sau uku ina zuwa wurin Baba. Na farko na tarar yana ƙofar gida da mahauci, ashe rago ya saya bai gaya wa kowa ba. Na biyu yana zaure da liman da maƙwabta biyar da ya gayyato su zama shaidu, suna ta raha. Na tsaya a bakin ƙofa, liman ya ce, "A'a, amarya da kanta? Koma ciki, yau ba a ganinki." Aka yi dariya, na koma.

Na uku bayan an idar da la'asar. Na same shi shi kaɗai a ɗakinsa, ya sa babbar riga shuɗiya wadda ya fito da ita daga Yobe a ƙasan buhu, bai taɓa sa ta a Azare ba. Ɗakin yana ƙamshin turaren da Ya Gana ta turara masa. Huluna biyu ne a hannunsa.

"Yawwa Mamana, zo ki zaɓa mini. Wannan ko wannan?"

"Baba…"

"Kin san wani abu?" Ya zauna a bakin gado. "Tunda muka sauka a garin nan nake jin kaina baƙo. Ko a masallaci sahun baya nake tsayawa. Yau ne kaɗai na tashi na ji ni ɗan gari ne. Gwamnati ta yaba aikina, manyan Azare za su tako gidana neman 'yata." Ya share ido da hannun riga. "Na so a ce mahaifiyarki ta ga yau."

Wayar tana hannuna, saƙon a buɗe. Abin da ya rage kawai in miƙa, ko in ce kalma biyar. Na kalli rigar, na kalli idonsa.

"Me za ki ce, Mamana?"

"Waccan hular ta fi, Baba."

Ya sa ta, ya duba madubi, ya karkata ta gefe. Sai muka ji tsayuwar mota, da sallama a ƙofar gida. Ya miƙe da sauri kamar saurayi, ya leƙa tsakar gida ya ɗaga murya: "Ya Gana! A fara fito da naman, baƙina sun iso!"

Na bi shi har bakin zaure na tsaya a bayan labule. Ina jin yana yi musu maraba, yana gabatar da liman, yana gabatar da maƙwabta ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa. Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka yi addu'a. Sai na ji Kawu Bappayo ya gyara murya.

"Malam Kashim, da za a ɗan ba mu wuri, ni da kai. Maganar ta mutum biyu ce."

Baba ya yi dariya.

"Haba Alhaji, ai don ita na tara su. Faɗi kowa ya ji."